Jagora ga Ɗalibi a Birtaniya: Zaman Yau da Kullum, Yawon Ƙarshen Mako da Tarbar Iyaye

Abu na farko da ɗalibin da ya sauka Birtaniya zai nema shi ne kalandar jami'arsa. Ka buga ta a takarda ka manna a bango: ranar fara zango, ranar rufewa, makonnin jarrabawa, ranakun miƙa aiki da ranar bikin yaye ɗalibai. Duk abin da ke cikin wannan jagorar a kan ranakun nan yake tafiya, daga awannin da doka ta yarda ka yi aiki, zuwa ranar da tikitin jirgin ƙasa zai yi araha, zuwa watan da ya dace Hajiya ta nemi biza. Jami'a tana bibiyar halartar darasi, kuma doka ta ɗora mata ta sanar da ma'aikatar cikin gida idan ɗalibi mai biza ya daina zuwa, don haka tafiyar da za ta cinye maka Litinin da Talata a tsakiyar zango ba ƙaramar magana ba ce.

Makonni biyu na farko

Ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, tun kana lafiya. Kyauta ne, domin ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 na kowace shekara ga ɗalibi tun daga Fabrairun 2024. Wanda ya bari sai zazzaɓi ya kwantar da shi zai tarar rajistar kanta tana cin kwanaki. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuma 111.

Ka karɓi takardar shaidar ɗalibta daga ofishin ɗalibai. Da ita za ka buɗe asusun banki, da ita kuma za ka nemi ƙaramar hukuma ta cire ka daga harajin gida. Ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biyan wannan haraji, amma idan a gidan haya kake a cikin gari, sai ka tura takardar kafin a daina aiko maka da takardar biya. Kuɗin ajiyar da ka ba mai gida bai kamata ya wuce hayar mako biyar ba a Ingila, kuma dole ya saka shi a tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton kowane bango, kafet da mita, don da hotunan za ka karɓo kuɗinka idan ka tashi.

Awannin aiki: mai karatun digiri yana da izinin awa 20 a mako a lokacin zango. Mako ɗaya ake ƙirgawa, daga Litinin zuwa Lahadi, ba a yarda ka yi 30 a wannan makon ka rama da 10 a na gaba ba. 'Yan digiri na biyu su kula sosai: watannin rubuta kundi a lokacin zafi yawancin jami'o'i zangon karatu suke ɗaukarsu, ko da ba a shiga aji.

Sanyi, duhu da lokutan salla

A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Azahar, la'asar da magariba sukan faɗo cikin awa huɗu kacal, a tsakiyar darussa. Ka nemo ɗakin salla na jami'a tun makon farko, ka riƙe alwala kafin shiga aji. A Yuni kuwa magariba takan wuce 9 na dare, a Sikotilan ta kai kusan 10, asuba ta biyo bayan isha'i da 'yan awanni. Masallatai sun sha bamban kan lissafin isha'i da asuba a waɗannan watanni, to ka zaɓi jadawalin masallaci ɗaya ka tsaya a kai. Agogo yana canjawa ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba: daga Maris zuwa Oktoba lokacinka ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kana bayansu da awa ɗaya.

Hukumar lafiya ta ƙasar tana shawartar kowa ya riƙa shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuma duk shekara. Ciwon jiki da kasalar da sabon zuwa yake ɗora wa sanyi sau da yawa rashin rana ne.

Ɗaki yana yin funfuna ne idan aka rufe tagogi ruf, aka shanya jiƙaƙƙun kaya a ciki, aka kashe hita don tsimin kuɗi. Tururin ya kwanta a bango mai sanyi, baƙi-baƙi ya fito a bayan gado da kabad, mai gida kuma ya cire kuɗin fenti daga ajiyarka. Ka buɗe taga minti goma kowace safiya, ka kunna fankar banɗaki da ta kicin, ka janye gado kaɗan daga bango. Turaren wuta kuma, duk daɗinsa, yana tada ƙararrawar gobara, a ɗakunan kwanan ɗalibai ma an hana shi gaba ɗaya. Kada ka taɓa rufe na'urar gano hayaƙi da leda, ran mutanen ginin duka ne a kanta. Humra da turaren fesawa sun wadatar.

Abinci ba matsala ba ne a manyan garuruwa. Mahautan halal suna cike a Rusholme da ke Manchesta, da Small Heath a Bamingam, da Bradford da Lesta, kayan miyar Najeriya kuma a Peckham da ke Landan. Ka sayi shinkafa buhun kilo 10, ka yi miya babbar tukunya ranar Lahadi, ka raba a robobi ka sa a firiza. Manyan kantuna a Ingila awa shida kawai suke buɗewa ranar Lahadi, galibi su rufe ƙarfe 4 ko 5.

Tafiyar ƙarshen mako a cikin ƙasa

Kafin tikitin farko ka sayi katin rangwame na 16-25 Railcard. Fam 35 ne a shekara tun Maris 2025, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa. Wanda ya haura 25 ma yana samu in dai ɗalibi ne na cikakken lokaci, sai dai jami'a ta sa masa hannu a fom. Tafiya ɗaya mai nisa takan mayar maka da kuɗin katin. Ka riƙe shi a wayarka da caji, don idan mai duba tikiti ya nema ba ka nuna ba, tamkar ba ka da tikiti ne.

Tikiti iri uku ne, kuma a nan kuɗi ke zubewa. Advance shi ne mafi araha, ana fara sayar da shi makonni da dama kafin ranar, amma na jirgi ɗaya ne a ƙayyadadden lokaci. Ka makara da minti ɗaya, ya tafi da kuɗinka. Off-Peak yana ba ka damar hawa kowane jirgi a wajen lokutan cunkoso, ranakun Asabar da Lahadi kuwa yini duka haka suke. Anytime shi ne mai tsada, ɗalibi ba ya buƙatarsa. Dabarar da ta fi aiki: Advance a tafiya, tunda ka san lokacin fitarka, mai sassauci a dawowa. Idan jirgi ya makara, akwai tsarin biyan diyya mai suna Delay Repay, wasu kamfanoni daga minti 15, wasu daga minti 30. Ka ajiye tikitin ka cike fom a intanet.

Ranar Lahadi ake yawan gyaran layin dogo, sai a sauke fasinjoji a zuba su a bas, tafiyar awa biyu ta koma huɗu. Ka duba wannan kafin ka biya, kuma kada ka ɗora dawowarka a kan jirgin ƙarshe idan kana da darasi da safiyar Litinin. Bas ɗin National Express da FlixBus sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai suna cin lokaci.

Wuraren da suka cancanci wahalar: Yok, ƙasa da awa biyu daga tashar King's Cross, ana zagaye ganuwarta a ƙafa cikin yini ɗaya. Edinbara kusan awa huɗu da rabi ce daga Landan, tana buƙatar kwana, babban masallacinta yana dab da jami'a, gidan tarihin ƙasa kuma kyauta ake shiga. A Kambirij akwai masallacin da aka buɗe a 2019 a titin Mill Road, mai ginshiƙan katako, ya isa a je dominsa kaɗai. Masallacin Shah Jahan da ke Woking an gina shi a 1889, rabin awa daga tashar Waterloo. Mai son duwatsu da tafki ya nufi Windermere ko tsaunukan da ke tsakanin Shefil da Manchesta, amma da takalmin da ba ya shan ruwa da rigar ruwa, kuma a hunturu ya sauko kafin ƙarfe 3. A ƙananan garuruwa nama halal yana wuya, ka tafi da guzurinka ko ka tsaya kan kifi, kana tambaya ko an kwaɓa fulawar suyar da giya, domin wasu suna yi.

Tsallakawa Turai

Bizar karatun Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya ko Nijar Faransa. Sai bizar Shengen, wadda ke shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai, kuma kana iya nemanta daga Birtaniya tunda a can kake zaune. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar karɓar takardu. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Za a buƙaci takardar jami'a sabuwa, bayanan asusunka na wata uku, masauki, tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Hukunci yakan ɗauki kwana 15, amma samun ranar ganawa shi ne aikin, musamman gab da hutun zafi, don haka ka fara nema wata biyu ko uku kafin tafiya. Fasfonka zai zauna a hannunsu a wannan lokacin, kada ka haɗa da wata tafiyar. Kuma ka je tun da sauran watanni a bizarka ta Birtaniya, domin idan ta kusa ƙarewa ba sa karɓa.

Belfas cikin Birtaniya take, Dablin kuwa tana cikin wata ƙasa ce, Jamhuriyar Ireland, mai bizarta daban. Babu shinge a hanyar da ta haɗa su, bas yana wucewa kai tsaye, kuma wannan ya jefa ɗalibai da yawa cikin laifin shiga ƙasa ba izini. Abu na ƙarshe kafin kowace fita: izinin zamanka yanzu a intanet yake, an daina kati tun ƙarshen 2024. Idan ka sabunta fasfo, ka shigar da sabuwar lambar a asusunka na shige da fice kafin ka tashi, in ba haka ba kamfanin jirgi zai iya ƙin ɗaukarka a dawowa.

Gayyato iyaye: biza

Tun Janairun 2024, mai digiri na biyu na ɗaukar darasi a aji ba ya zuwa da mata da 'ya'ya a kan bizarsa, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Saboda haka ga mafi yawan ɗalibai, bizar ziyara ita ce hanyar ganin iyali. Tana ba da zama har wata shida, kuɗinta ya kasance fam 127 a Afrilun 2025. Ana iya nema wata uku kafin tafiya, amsa takan fito cikin mako uku bayan ɗaukar hoton yatsu a Abuja ko Legas. Idan bikin yaye ɗalibai a Yuli ne, a cike fom a Afrilu. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Jami'in biza tambaya biyu yake son amsarsu: wa zai biya, kuma me zai mayar da wannan mutumin gida? Takardar gayyatarka ba ta amsa ta biyun. Abin da ke amsa ta shi ne rayuwar Baba a Kano ko Katsina: takardar wurin aiki da izinin hutu, ko rajistar kasuwanci, ko takardar fansho, takardun gida da gona, iyalin da zai bari. Matsalar mutanenmu ita ce dukiya tana nan amma ba ta ratsa banki ba. Ɗan kasuwa mai shaguna a Kantin Kwari yana iya zama asusunsa ba komai, sai a zuba masa miliyoyi mako ɗaya kafin nema. Wannan shi ne babban dalilin hana biza, domin kuɗin da ba a san tushensa ba jami'in ba ya ƙirga shi. Maganinsa a fara tun wata shida kafin lokaci: cinikin yau da kullum ya riƙa shiga asusu, duk babban kuɗin da ya shigo a ajiye shaidarsa, ko rasidin sayar da hatsi ne ko yarjejeniyar sayar da fili. Idan Hajiya ba ta da abin shiga na kanta, a faɗi gaskiya, a kawo bayanan wanda zai ɗauki nauyi da shaidar dangantakarsu.

A kula da sunaye. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a takardar fili: a daidaita, ko a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Duk takardar da ke cikin Hausa, Larabci ko Faransanci sai an haɗa da fassarar Turanci mai sa hannun mafassari. Idan an taɓa hana mutum bizar wata ƙasa, a rubuta. Ɓoyewa yaudara ce a wurinsu, tana iya jawo haramcin shekara 10, kuma ba a karɓar uzurin cewa ejan ne ya cike fom. Ka karanta wa iyayenka kowace amsa da Hausa kafin a tura.

Daga ɓangarenka ka aika kwafin fasfo da shaidar izinin zama, takardar jami'a, takardar bikin idan shi ne dalili, da wasiƙa gajera mai faɗin su wane ne a wurinka, ranar zuwa, ranar komawa da inda za su kwana. A nemi mako biyu ko uku. Ma'aikacin da ya ce zai yi wata biyar ya nuna da bakinsa cewa aikin bai riƙe shi ba. Uwar da za ta zo wa 'yarta jego ta rubuta ziyara ce da ganin jika, ta kuma tsaya a kan haka, domin baƙo ba shi da izinin aiki, har da reno na biya.

Masauki, lafiya da kaya

Ɗakunan kwanan ɗalibai galibi dare biyu ko uku suke yarda baƙo ya yi, mutum ɗaya. A gidan haya ma ka duba yarjejeniyarka ka sanar da mai gida a rubuce. Ga dattawa, gidan haya na gajeren lokaci mai kicin ya fi otal, saboda tuwo da kunu. Ka tambayi hawa na nawa ne, ko akwai lifta, ko banɗaki na shawa ne ko baho mai tsayin da za a tsallaka. Ka tanadi buta, da tabarmar roba don santsi, ka kuma nuna musu cewa ruwan alwala da ya zuba a ƙasa yana ratsawa silin na maƙwabcin ƙasa.

Baƙo ba ya cikin tsarin lafiyar da ka biya. Sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an kwantar da mutum, ana cajin kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, bashin da ya kai fam 500 kuma yana iya hana biza nan gaba. A sayi inshorar tafiya, a bayyana hawan jini ko ciwon suga a fom ɗin, don cutar da aka ɓoye inshora ba ta biya. Magunguna su zo cikin kwalayensu na asali, a jakar hannu, da takardar likita mai sunan majiyyaci da adadin da yake sha. Masu ɗauke da kodin ko tiramadol doka ta musamman ce a kansu, takardar likita a nan wajibi ce.

Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani nama ko kayan madara an hana shigo da su daga Najeriya da Nijar, komai kyan ƙunshinsu. Kwastan za su ƙwace. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2, dabino ma ba laifi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da garin kunu a zuba su a leda mai haske, a rubuta sunan kowanne da Turanci. Ɗanyen ganye da yawancin 'ya'yan itatuwa sai da takardar lafiyar tsirrai, gara a bar su. Kuɗin hannu da ya kai fam 10,000 sai an bayyana. Kuma ka roƙi iyayenka kada su karɓi saƙon kowa a rufe, duk kusancinsa.

Ranar sauka da kwanakin ziyara

Daga Abuja akwai jirgi kai tsaye zuwa Heathrow, awa shida da ɗoriya. Daga Kano sai an canja a Alƙahira, Adis Ababa ko Doha. Ga wanda bai saba tafiya ba ko ba ya jin Turanci, kai tsaye ya fi, ko da ya ɗara tsada. Ka nemi taimakon keken tura marasa ƙarfi daga kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi. Kyauta ne, kuma ma'aikaci zai raka su har wurin jami'an shige da fice. Ka rubuta musu takarda ɗaya su riƙe a hannu: sunanka, lambarka, adireshin masauki, ranar komawa. Wayarka ta kasance a kunne, jami'in yana iya kiranka. Ka je tarba da rigunan sanyi, ko a Yuli ne.

A Landan bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, kowane mutum kuma sai da katinsa, ba a taɓa wa mutum biyu kati ɗaya. Ka saya musu Oyster, katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa a Landan, ka zuba kuɗi. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke hawa tare da babba. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yawa ba su da lifta, ka duba taswirar da ke nuna marasa matakala, ko ku hau bas, wanda ya fi sauƙi ga gwiwa kuma ana kallon gari. Idan ku uku ne zuwa sama, ka tambayi rangwamen GroupSave a tikitin jirgin ƙasa.

Wuri ɗaya a rana ya isa. Dattijo ya fi son ya ga ajinka, ɗakin karatunka, masallacin da kake Juma'a da abokan zamanka fiye da a yi ta jansa daga wannan gini zuwa wancan. Ka ware ranar gaishe-gaishe da 'yan uwa mazauna ƙasar, da rana guda cur ta sayen tsaraba, ka auna akwatuna a gida tun daren tafiya, domin kilo 23 ne iyakar kowanne a yawancin jirage. Kada ka haɗa ziyarar da makon jarrabawa. Tikitin shiga zauren bikin yaye ɗalibai yakan zama biyu ga kowane ɗalibi, sai an nemi ƙari da wuri.

Su koma a ranar da aka rubuta a fom. Ko da bizar ta wata shida ce, wanda ya ce mako uku ya yi wata biyar za a tambaye shi dalili a nema na gaba. Idan rashin lafiya ta tilasta ƙarin kwanaki, a ajiye takardun asibiti. A adana katin shiga jirgi na komawa, domin da irin wannan tarihin ake neman biza mai tsawon shekara 2, 5 ko 10, wadda kowace ziyara a cikinta ba ta wuce wata shida.